Rabin Saƙon da Inna Ta Kai Wa Baba

Ranar wata Laraba ce, ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, a shekarar da wayar hannu ta fara shigowa Kano har yara ke bin mai riƙe da ita da kallo. Ina aji uku a ƙaramar sakandare. Tun da sassafe aka ce kada kowa ya shiga aji, a fito da bencina filin makaranta, wai yau za a ba mu shawarar abin da za mu zama idan mun girma. Mu muka share filin, mu muka yayyafa masa ruwa, mu muka ɗauko kujerun ofis a ka muka jera a gindin darbejiya, sannan aka zaunar da baƙi a inuwar, mu kuma aka shanya mu a rana. Baƙin su uku ne: likita, injiniya, da wani ma'aikacin banki da ya shaƙe wuyansa da nektayi yana ta sharce gumi. Kowannensu ya tashi ya zuba Turanci, ya faɗi irin wuyar da ya sha kafin ya kai inda ya kai, ya ce mu dage, aka tafa masa, ya koma ya buɗe lemon kwalba. Mu dai abin da muka tsinta a jawabin bai wuce motocinsu da ke fake a bakin ƙofa ba.

Da suka gama sai Malam Isyaku ya miƙe. Shi ne malamin shawara na makarantar, ko da yake mu da darasin noma muka san shi, ofishin shawarar kuwa tun da na shigo ban taɓa ganinsa babu kwaɗo ba. Ya bi layi yana nuna mu da bakin bulala, yana tambayar kowa abin da yake so ya zama. Wannan ya ce dakta, wancan ya ce lauya, har wani yaro da ko keke bai iya ba ya ce shi matuƙin jirgin sama, aka tafa masa raf-raf. Da aka zo kaina na miƙe na ce ni mai zanen riga nake so in zama. Kai, dariyar da aka yi mini ranar nan har yau tana kunnena. Mai nektayi ma sai da ya ajiye lemonsa ya dara. Malam Isyaku ya jira aka lafa, sannan ya ce, "Sani, ana maganar gaba kana maganar soron gidanku. Kai da kake zuwa a sahun farko a jarrabawa? Sayans za ka, an gama magana." Ya wuce kan na kusa da ni. Iyakar shawarar da na samu ke nan a duk zamana na makaranta, kuma ko dalilina bai tambaya ba.

Gidanmu yana Jakara, cikin wani lungu da mai babur sai ya karkace yake shiga, tafiya kaɗan ka faɗa kasuwar Kurmi. Zane ne sana'ar gidan tun daga kan kakan Baba. Mutum zai yanko shaddarsa, tela ya haɗa masa babbar riga, amma kafin masu aikin hannu su soka allura sai an kawo ta soronmu, Baba ya shimfiɗa ta a kan katako ya zana musu hanyar da zare zai bi. Da alƙalamin kara da tawada yake yi, babu awo, babu gogewa. Ya dubi faɗin ƙirjin rigar sau ɗaya, ya yi bisimilla, sai ka ga aska takwas ta fito tana gangarowa, tambari ya zagaye daidai wa daida sai ka ce faifai ya kifa ya bi gefensa. Soron kullum ƙamshin sabuwar shadda yake yi da ɗan tsamin tawada, ga rediyon Baba a kan taga yana ta surutu ba mai sauraronsa. Aikina a gidan yana da yawa: in share ƙofar gida kafin in tafi makarantar allo da asuba, in ciko randuna daga famfon bakin titi, in kai markaɗe, in yanko wa tumakin Inna harawa. Amma aiken da nake rububinsa shi ne kai rigunan da aka zana gidajen matan da ke ɗinka su. Sai in naɗe su a kafaɗa in bi lungu, in na sami inda babu kowa in tsaya in warware, in bi layin Baba da ɗan yatsa tun daga wuya har aljihu, ina haddacewa.

Ban san ranar da abin ya shiga raina ba, na dai buɗe ido na gan ni a ciki. Yaran unguwa suna can suna langa ko suna dukan ƙwallon tsumma a bayan masallaci, ni ina tsugune da tsinke ina zana dagi a ƙasa, har suka sa mini suna mai tonon kwata. Bangon kewayenmu ya sha gawayi, ni ma na sha duka a kansa. Bayan allona ma bai tsira ba, sai da malaminmu na allo ya kama ni ya murɗe mini kunne. Kwalin sabulu in ya shigo gidan nan, kafin Inna ta ce za ta hura wuta da shi na farke shi na cike shi da aska. Baba ya san da haka, yakan ɗauki kwalin ya juya, ya yi murmushi ya ajiye, amma wasan yara ya ɗauke shi, irin wanda girma ke rabawa da shi.

Dalili kuwa, Baba ya riga ya raba mu tun muna ƙanana, kuma ba shi ya ƙirƙiro rabon ba. A gidanmu ɗan fari shi ke gadon soro. Haka aka yi wa Baba, haka aka yi wa mahaifinsa. Na biyu kuma, tun da boko ya zo, sai a sake shi ya yi karatu. Yayana Auwalu shi ne ɗan fari, ni ne na biyu, sauran ƙannenmu mata ne ƙanana. Saboda haka da Yaya ya gama aji uku, ni ina aji ɗaya, sai Baba ya ce karatun ya isa haka, ya zo ya zauna kusa da shi. Yaron da bai taɓa zuwa na biyu a ajinsu ba, fa. Yaron da ya kwance tocilan ɗin Inna ya mayar, ya kwance rediyon Baba ya mayar, yana bi yana gaya mini abin da ke sa kowace waya aiki. Haka aka cire shi. Ya wanke yunifom ɗinsa, ya goge, ya ninke ya miƙo mini, wandon har yana jan ƙasa a jikina.

Ya koyi zane, ba zan ce bai koya ba. Yaya ba ya raina aiki. Amma koyo ya yi irin na mai shan magani, ya runtse ido ya haɗiye. Layinsa daidai yake, ba ya karkacewa, sai dai in ka gan shi ka san ba daga zuci ya fito ba, matan da nake kai wa riguna ma suna ganewa, wata ta ce mini, "Wannan ba hannun Malam ba ne, na yaron ne." Da la'asar in Baba ya tafi masallaci ya zarce Kurmi, Yaya zai ture katakon gefe ya ce in miƙo jakata. Littattafaina shi yake fara karanta su kafin ni. Ya karanta, ya gane, sannan ya zaunar da ni ya koya mini, in na ƙi ganewa ya ranƙwashe ni ya sake daga farko. Ni kuma in ya nutse a karatu sai in ja alƙalamin in ƙarasa masa gefen aljihun da ya bari, gabana yana faɗuwa kada Baba ya shigo. To ka ji asalin sahun farkon da Malam Isyaku ya gani ya tura ni sayans. Rabin makin nan na Yaya ne.

Ranar da aka yi mini dariyar nan na dawo gida raina a ɓace, na tarar da Yaya shi kaɗai a soro. Na zayyana masa komai. Shi bai yi dariya ba, sai ma ya shiga tambayata me likitan ya ce, waɗanne darussa ya ce ana bukata, shekara nawa ake yi. Ina ba shi amsa ina kallon fuskarsa, sai kawai maganar ta fito mini. Na ce, "Yaya, me zai hana a musanya mu? Ni in gama aji ukun nan in dawo soro, kai ka koma makaranta." Ya riƙe alƙalami a hannunsa har tawada ta ɗiga a katako. Ban taɓa ganin idonsa ya yi haske irin na lokacin ba. Can ya ce, "Wa zai gaya wa Baba?"

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce ai sai ku je ku same shi. Ina! A gidanmu ɗa ba ya zama gaban uba ya ce ga abin da yake so. Ko takalmi ne ya tsinke, Inna ake gaya wa, ita ta san lokacin da za ta shigar da maganar. Balle Yaya, da yake ɗan fari. Su wuni shi da Baba a soro ɗaya, gwiwa kusa da gwiwa, amma maganarsu ba ta wuce miƙo tawada, ɗauke wannan, an kira salla. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a lokacin abin yabo ne. Saboda haka hanya ɗaya ce gare mu, Inna.

Ita kuwa Inna Bafulatana ce. Danginta sun daɗe da barin shanu sun zauna cikin birni, amma kunyar ba su baro ta a daji ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Auwalu a bakinta ba. Wancan take ce masa, ko yayanku, ko mutumin soro. Akwai wani Auwalu mai kayan miya a bakin lungunmu, shi ma albarkacin sunan sai ta ce a je wajen mai tumatir. In Yaya ba shi da lafiya ba za ta leƙa shi ba, sai ta dama kunu ta miƙo mini ta ce in kai wa wancan, amma sau da yawa na kama ta tsaye a bayan labule tana sauraron tarinsa. Matan unguwa kuwa yabonta suke yi, suna cewa irin kunyar Inna yanzu sai an tona. Ni ma da ina alfahari da hakan.

Na same ta a tsakar gida tana bakacen geron kunun azumi. Na tsuguna na karanta mata saƙon, kuma na raba mata shi gida biyu don kada ya ruɗe: ni zane nake so, Yaya kuma makaranta yake so, a musanya mu, ba wanda ya yi asara, soro bai rasa magaji ba. Da na ambaci sunan Yaya sai hannunta ya tsaya a kan faifan. Sannan ta ce, a hankali, ba ta dube ni ba, "Na sani. Ina ganinsa da littattafanka." Na ce to ta taimaka ta gaya wa Baba. Ta ce, "Na ji. Bari a sha ruwa, ransa ya yi sanyi." Na tashi da murna na ruga na gaya wa Yaya. Kwanakin nan kafin azumi har waƙa na ji yana yi ƙasa-ƙasa, ya ɗauko tsofaffin littattafansa daga ƙarƙashin gado ya kakkaɓe.

A farkon azumin ne, bayan an sha ruwa an dawo daga magariba. Baba yana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinsa, ga ƙosai ga kunu a gabansa. Ni da Yaya muka laɓe a bayan katangar madafi, inda ake jin komai. Muka ji Inna ta matso, ta zauna daga gefe, ta yi masa sannu da shan ruwa. Sannan ta ce, "Malam, dama Sani ne ya same ni. Ya ce shi zanen nan ne a ransa, makarantar ba ta kwanta masa ba." Baba ya ce, "To?" Muka kasa kunne muna jiran ɗaya rabin. Na ji ta gyara murfin kwano. Na ji ta yi gyaran murya. Ta ce, "Shi kuma…" sai ta tsaya. Baba ya ce, "Shi kuma wa?" Wallahi ina jin bugun zuciyar Yaya ta kafaɗarsa da ke jingine da tawa. Can Inna ta ce, "Babu komai. Kununka zai huce." Yaya ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe wandonsa, ya fice waje.

Rabin da ya isa kunnen Baba kuwa, shi kaɗai ba shi da kyan ji. Abin da ya fahimta shi ne ɗansa na boko ya fara lalaci yana neman hanyar gudu. Ya ƙwala mini kira, na zo na durƙusa. Bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Ya ce, "Ni na zauna a soron nan har bayana ya ranƙwafa, na ware ka don kai ka huta, shi ne kake neman ka dawo? Dubi yayanka, ya riƙe gida, ka taɓa jin ya yi ƙorafi?" Na ɗago kai zan faɗi sauran, sai na hango Yaya ya dawo yana tsaye a bakin soro, yana girgiza mini kai. Na haɗiye. Nan take Baba ya yanke hukunci: daga ranar ba ni ba zaman soro sai dai wucewa, aiken riguna ma an ɗauke mini an ba ɗan maƙwabta, don in sami lokacin karatu. Shi a wajensa gata ya ƙara mini. Washegari Yaya ya ja ni bayan masallaci ya riƙe mini hannu tamau ya ce, "In ka faɗa, Baba zai ce na raina gadon ubansa, na turo ƙanina ya yi mini baki. Kuma ka tona wa Inna asiri ta kasa. Ka bar shi." Na yi masa rantsuwa ina kuka, ina jin haushinsa, ina jin haushin Inna, ina jin haushin gidan gaba ɗaya.

Amma ban haƙura ba, saura mutum ɗaya. Rantsuwar da na yi a kan kada in gaya wa Baba ne, ban rantse ba zan gaya wa malami ba. Na je na sami Malam Isyaku a lambun makaranta yana sa yara ban ruwan alayyafo. Na gaishe shi, na yi masa bayani tiryan-tiryan. Na ce Baba yana ganin girman malaman boko, in shi ya zo da kansa ya ce Auwalu ya cancanci komawa aji, magana ta ƙare. Ya ma tuna da Yaya sarai, har ya ce, "Auwalu? Yaron nan mai ƙwaƙwalwa? Ashe soro aka zaunar da shi, kai, an yi asara." Na ji daɗi na ce shi ke nan. Ya ce zai zo bayan salla. Aka yi ƙaramar salla, shiru. Na tuna masa, ya ce yana sane. Aka yi babba, shiru. Da na sake tare shi, lokacin har an raba mu ajujuwa na faɗa sayans, sai ya ɗaure fuska ya ce, "Ai Auwalu yanzu ba ɗalibinmu ba ne. Kai dai ka mai da hankali a kan naka." Daga makarantar zuwa ƙofar gidanmu ko ruwan alwala ba zai bushe maka ba ka isa. Mutumin da aka ba ofis sukutum don ya saurari yara ya kasa yin wannan 'yar tafiyar. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, amma shi duk lokacin da na zo yafe masa sai in kasa.

Sauran labarin ba shi da daɗin ji, kuma ba shi da tsawo. Na yi sayans ina ja da ƙyar. Yaya ya ci gaba da koya mini iya inda littafi zai kai mutumin da bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, daga nan na fara zamewa ƙasa. Na zauna jarrabawar shiga jami'a har na gaji da zama, likitancin da aka yanka mini bai samu ba, na ƙare da wata difiloma da ban zaɓa ba, ita ce dai ta rage. Yanzu ina wani ofis ina buga hatimi a takardun da ban damu da abin da ke cikinsu ba. Soro kuma, da injinan aikin riga suka cika gari, rigunan hannu suka ja baya. Waɗanda zanen ke ransu sun bi shi har cikin kwamfuta, suna nan suna ci da shi. Yaya bai bi ba, don mutum ba ya bin abin da tun farko ba ya so. Yana nan a soron, in riga ta zo ya zana, in ba ta zo ba ya sayar da huluna. Ni kuwa na taɓa ɗaukar alƙalamin bayan na girma, a ɓoye, na ga hannun ya tafi. Layin sai rawa yake yi, na ajiye ban sake ba.

Shekarun baya kaɗan, Baba ya tsufa, ido ya yi rauni, ya koma zaman hantsi a tsakar gida. Wata Asabar na je gaishe su, na tarar da Ummi, babbar 'yar Yaya, tana fama da lissafin kimiyya don jarrabawar gama sakandare, har ta fara hawaye. Yaya ya shigo ɗaukar buta, ya leƙa littafin ta kafaɗarta, sai ya ajiye butar ya zauna. Ya shiga warware mata abin dalla-dalla, ko duba shafin ba ya yi, muryarsa ta canza ta koma irin ta la'asar ɗin nan ta da. Baba ya karkata kai yana saurare. Da abin ya yi nisa sai ya taɓo ni ya ce, "Sani, a ina yayanka ya san wannan?" Lokacin furfura ta fara fito mini, ina da 'ya'ya, rantsuwar yarinta kuma na ga ta ci abin da za ta ci. Na gaya masa komai, tun daga jakata da Yaya ke karɓa har zuwa daren kunun nan da bayan katangar madafi.

Baba ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Auwalu boko yake so?" Na ce ƙwarai. Ya tafa hannu ya yi salati. Ya ce, "To me ya hana a gaya mini? Ni fa a ganina shi na fifita, na ba shi soron ubana. Wallahi da na sani, a ranar zan musanya ku. Mene ne a ciki?" Mene ne a ciki, ka ji fa. Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Ya kira Inna, ta fito tana dafa bango. Ya ce, "Ke kin san da wannan?" Ta tsaya kanta a ƙasa, hawaye yana bin fuskarta, ta ce, "Na sani, Malam. Bakina ne ya kasa." Yaya duk yana ji. Ya rufe littafin, ya miƙa wa Ummi, ya ce ta ci gaba daga inda suka tsaya. Ya dubi Baba, abin da ban taɓa ganin ya yi ido da ido ba, ya ce, "Ya wuce, Baba." Ya ɗauki butarsa ya koma soro.

Yanzu zamani ya juya. A makarantar yarana ma ana irin taron nan, har da majigi, kuma an ce ana zama da kowane yaro a ji ta bakinsa, ban sani ba ko da gaske ne. Ni dai ba na jiran malami. Nakan zaunar da nawa in tambaye su da kaina, in fara da babban, in kira shi da sunansa gatsal, uwarsa ma haka take kiransa, tsofaffin unguwa suna taɓe baki suna cewa kunya ta ƙare a duniya. Su yi ta taɓewa. Ba wai ba na kewar wancan lokacin ba ne. Ina kewar lungunmu kafin a cika shi da shaguna, ina kewar sanda magariba ke tara mu a tabarma ɗaya, kuma na san Baba da Inna ba su taɓa nufin mu da komai ba sai alheri. Sun rasu yanzu, Allah ya jiƙansu, kullum ina yi musu addu'a. Amma shekara da shekaru na rayu ina lallashin kaina da cewa ko an faɗa masa ba zai yarda ba, a kan haka na haƙura, a kan haka nake jin Yaya ma ya haƙura. A hantsi ɗaya Baba ya ƙwace mana wannan ma.

Da ma ya ce mini ba zai yarda ba, da na fi samun sauƙi.